Madubin Taurari Na Farko Ga Yaro

Duk uban da ya yi nufin saya wa ɗansa madubin duban taurari, ya kamata ya fara auna faɗin gilashin gaba, gama shi ne ke tara haske. Lambar da ake bugawa jikin kwali, wai yana ƙara girma sau 500, yawanci talla ce. Ƙa'idar masana falaki kuwa, kowane inci na gilashi sau 50 yake ɗauka. Mai inci 3 iyakarsa sau 150, bayan nan sai dishi-dishi. Sa'an nan a gwada ƙafafunsa, domin madubi mai rawa yakan sanyaya wa yaro gwiwa tun daren farko.

Ƙarami ma ya wadatar. Da wanda bai kai wannan ba Galileyo, mutumin Italiya, ya hangi taurari 4 suna kewaya Mushtari a 1610. Yaro ya fara da wata ɗan kwana 7, sa'ad da inuwa ke bayyana ramukansa, kana ya koma kan Kaza da 'Ya'yanta.

Amma ko kusa kada a juya shi wajen rana, gama yana iya makantar da ido nan take. Allah Ya tsare, amin.