Akwatin Wifi Ba Ya Haihuwar Intanet

Akwai wata magana da ke yawo a Dakoro wadda ta kai mini iya wuya. Wai akwai akwatin wifi da ake kawowa daga Kano ko Libiya, in ka saya ka kai wa mai gyaran waya ya «buɗe» shi, to ka yi bankwana da kiredi da forfe. Kai da iyalinka ku yi ta kiran ƴan'uwa a Abijan da Tamanrasat da Legas, ba ko dala. Ana faɗinta a majalisar shayi, ana faɗinta a tasha, kuma ranar kasuwa za ka ga magidanci ya sayar da akuya ya nufi teburin mai kayan waya yana cigiyar «wanda ba ya cin kuɗi». Mai teburin ba zai ce masa babu ba. Zai ɗauko kwali, ya kaɗe ƙura da gefen riga, ya ce: «Alhaji, wannan dekode ne, kowane layi yana ɗauka.» Bai yi ƙarya ba. Ya dai bar Alhaji da tasa fassarar.

Akwatin nan, wanda masu gyara ke kira rauta, aikinsa ɗaya ne: ya karɓo intanet daga wani wuri ya raba wa wayoyin gida. Kiran intanet kuma, irin na WhatsApp da aka fara a 2015, murya ce ake yayyankawa ƙanana-ƙanana a tura ta hanyar da hoto da saƙo ke bi. Iyakar bayanin ke nan, babu wani siddabaru a ciki.

A wajen karɓowar nan ne jama'a ke ɓata. Randa ba ta tsattsafo da ruwa, sai ɗan ga-ruwa ya zuba, shi kuma sai an sallame shi. Intanet ɗin da ke shiga akwatinka a Dakoro daga eriyar kamfani yake fitowa: Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom wanda ya gaji Orange a 2019, ko Niger Telecom da aka kafa a 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. In ba su ba, sai taurarin Starlink da suka fara aiki a hukumance a ƙasar nan a 2025, su ma kuma duk wata sai an biya. Lissafin megan da ka saya da wanda ka cinye ba a cikin akwatin yake ba, yana can cikin kwamfutocin kamfani. Mai gyara da ke zaune a rumfar kwano da sukudireba da ɗan abin narka dalma ba shi da hannun da zai kai can. Da yana da shi, ai ba za ka same shi yana gyaran bakin caji a kan ƴan canji ba.

To mene ne buɗewar da ake ta zancenta? Kamfani yakan sayar da akwati da rahusa, sai ya kulle shi don kada ya karɓi layin kowa sai nasa. Kowane layi yana ɗauke da lambar ƙasa da ta kamfani a cikinsa: na Najeriya suna farawa da 621, namu na Nijar da 614. Shi ya sa akwatin da aka kulle a kan Airtel ta Najeriya yake ƙin layin Airtel ta Nijar, duk da suna ɗaya da jan tambari ɗaya. Buɗewa ita ce cire wannan kulle da wata lamba da ake samowa ta hanyar lambar IMEI ta akwatin, mai ƙwaya 15. A yawancin na'urorin Huawei sau 10 ake ba ka damar gwadawa. In aka yi ta cankar banza har suka ƙare, akwatin ya rufe bakinsa, sai dai a koma yi masa wani aikin da ba kowane mai gyara ya iya ba. In an dace an buɗe, ka samu abu mai amfani na gaske: yau ka sa wannan layi, gobe in rezo ɗinsa ya yi rauni ka sa wancan. Amma ko wane ka sa, in babu forfe a kansa, fitilar akwatin za ta yi ta haske, wayarka ta nuna ta kama wifi cikakke, saƙo ɗaya ba zai fita ba. Wannan cikar sandunan wifi ita ce ta fi ruɗin mutane. Tana nuna ƙarfin abin da ke tsakanin wayarka da akwati ne kawai, daga ɗaki zuwa tsakar gida. Abin da ke tsakanin akwati da eriya wani lissafi ne daban.

Na san za a ce mini: «Ai mun ga wane yana kira kyauta.» Ku bincika. Ko dai sabon akwati ne da ya zo da kyautar mega ta talla, wadda za ta ƙare kafin wata ya zagayo, ko ɗansa da ke ci-rani a Aljeriya ne ke tura masa forfe daga can shi bai sani ba, ko kuma wifin maƙwabci yake sha. Sai rukuni na huɗu, samarin da ke saukar da wasu manhajoji masu alkawarin intanet na banza. Su yi kwana biyu suna aiki a daddafe, kamfani ya toshe ɓarakar, manhajar kuma ta zauna cikin waya tana ganin abin da mai ita bai ba kowa izinin gani ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce kiran murya ta intanet yana da sauƙi ƙwarai, galibi bai kai mega guda a minti ba, don haka ya fi kiran waje na kiredi araha nesa ba kusa ba. Na bidiyo kuwa yana ninka wannan sau da yawa. Sauƙi daban, kyauta daban.

Wasu akwatunan, kamar Huawei B310 da B315, suna da ɗan rami a baya da ake soka wayar tarho irin ta zamanin Sonitel. Dattawa na son wannan, kuma suna da gaskiya: tarho yana zaune wuri ɗaya, yana da manyan lambobi, yaro ba ya ficewa da shi majalisa. Sai dai kiran da ke fita ta ramin nan galibi kiran layi ne na yau da kullum, kiredin layin da ke cikin akwatin yake ci. Tarhon intanet na sosai yana bukatar rajista da wani kamfani da zai ba ka lamba da sunan shiga da kalmar sirri, ka saka su a na'urarka, ka riƙa biyansa. WhatsApp kuma mai WhatsApp kaɗai yake kira. Ba zai kira ƙaramar wayar kawu da ke bayan shanu wajen Bermo ba, ba zai kira 17 ta ƴan sanda ko 18 ta ƴan kwana-kwana ba.

Kada a ɗauka ina hana mutum mallakar nasa akwati. Ina goyon bayan hakan, kuma a wasu ƙasashe sai da aka yi jayayya kafin a samu wannan dama. A Amurka har zuwa 1968 kamfanin AT&T ba ya yarda kowa ya jona na'urar da ba tasa ba a layinsa, sai da hukumar sadarwar ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Carterfone. A Jamus sai a watan Agusta na 2016 doka ta tilasta wa kamfanoni su bar mutum ya yi amfani da rautar da ya ga dama, su kuma ba shi bayanan shiga. Amma ko a can, ƴancin zaɓen na'ura aka samu. Kuɗin layi suna nan, Bajamushe yana biya duk wata.

Saboda haka mai niyyar saye, ga abin da nake roƙonsa. Ka tafi da layinka mai forfe a kai, a saka a gabanka, ka kira wani ta WhatsApp ka ji muryarsa. Ka duba ko 4G ya nuna, domin akwatin da aka ƙera don wata ƙasa yana iya buɗewa amma ya kasa jin zangon da eriyarmu ke magana a kai, ya yi ta rarrafe. In na hannu ne, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, akwai ɗan rami a baya da ake dannawa da tsinke na kamar daƙiƙa goma, ya goge duk abin da tsohon mai shi ya saka. A yi wannan kafin ka bar wurin.

Da ka isa gida, kalmar sirri ce farkon aiki, kuma nan ne sakacinmu ya fi ba ni haushi. Akwai guda biyu: ta shiga wifi, da ta shiga cikin akwatin kansa. Ta farko tana rubuce a takardar da aka manna a ƙarƙashinsa, duk yaron da ya shigo gaishe da Hajiya zai iya juya shi ya ɗauki hotonta. Ta biyu a tsofaffin na'urori «admin» ce kawai, wadda duk ɗan koleji ya sani. A na Huawei ana rubuta 192.168.8.1 a wayar da ta kama wifin, shafin ya buɗe, a sauya su duka biyun. A wannan shafi za ka ga jerin wayoyin da ke kan akwatinka. Gidanka waya huɗu, jerin ya nuna goma sha ɗaya, sannan kana zagin kamfani wai yana satar mega? Leƙa bayan katangarka bayan sallar isha'i ka ga samarin da suka jeru a dakali, kowa fuskarsa na haske. Wayoyin yanzu suna raba kalmar sirri ta hoton nan mai ɗigo-ɗigo, ka ba mutum ɗaya ka ba unguwa. Ka riƙa sauyawa, kuma ban da lambar wayarka ko sunan ɗanka na fari. A wayoyin gida kuma a kashe saukar da bidiyo kai-tsaye, don guruf ɗin biki ɗaya ya isa ya cinye forfen mako.

Wurin ajiya ma abin lura ne. Katangar ƙasa mai kauri tana danne wifi, rufin kwano kuma yana kare rezo. A ɗora akwatin sama, kusa da taga, ta ɓangaren da eriya take. Kada a lulluɓe shi da ƙyallen ado kamar kwanon amarya. A zafin Afrilu da Mayu yana bukatar iska, in ya ɗau zafi sai ya riƙa yankewa. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar ramukansa da busasshen tsumma. Ƙaramin akwatin wifi na aljihu mai batir, in aka bar shi a caji dare da rana, batirin kumbura yake yi har murfin ya ɗago, kuma kumburarren batir ba abin ajiyewa ƙarƙashin matashi ba ne. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare shi daga wuta.

Sai wutar kanta. Tsohon tarhon waya daga layinsa yake samun ɗan abin da yake ci, shi ya sa ko an ɗauke wuta yana aiki. Na intanet da wuta ta tafi ya mutu. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba kamfanin wutar lantarki na NIGELEC a watan Agusta na 2023. Yawancin akwatunan nan bolt 12 suke ci, don haka batirin sola na gida zai riƙe su, muddin wanda ya san aiki ne ya haɗa, ba a jona su kai-tsaye da faifan sola ba. Na Starlink kuwa cinsa ya ninka haka sosai, sai an yi masa tanadi na musamman. Duk da wannan, kada gida ya rasa ƙaramar waya mai caji da ɗan kiredi a ajiye. Naƙuda ba ta jiran a kawo wuta.

In intanet ya yi ta rarrafe, wani lokaci laifin ba na akwati ba ne, rezo ne ya cushe saboda yawan jama'a, kamar ranar kasuwa. Mai son sayar wa unguwa tikitin wifi kuma ya fara jin abin da hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ta tanada kafin ya kafa sanda.

Abin da ya yi aiki a bakin kasuwa ba lalle ne ya yi a ɗakinka ba, balle a ƙauyen da ke bayan Kornaka ko cikin kwarin Tarka. Don haka kafin ka miƙa kuɗi ka ce da mai tebur, a gaban shaida: «Malam, zan gwada shi a gida. In bai kama ba, jibi zan maido maka kayanka ka ba ni kuɗina.» In ya yarda, a rubuta lambar IMEI a takarda, kowa ya riƙe tasa. In ya fara kame-kame, ka ajiye masa kwalinsa ka matsa tebur na gaba.