KEKEN HAWAN DUTSI: YADDA ZA KA ZAGAYA DAGA TIBIRI KA KOMO LAFIYA

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Arewa. Da shi ake zuwa gona da kasuwa. Da shi yara ke zuwa lakwal. Amma yanzu akwai wani irin keke mai kauri, mai manyan tayoyi da giya da yawa. Sunansa keken hawan dutsi. Da Faransanci ana ce masa VTT.

Samari ne suka fara yin sa a Kalifoniya, ƙasar Amurka, wajen shekarun 1970. Sun gyara tsofaffin kekuna don su riƙa gangarowa daga duwatsu. A 1996 tseren wannan keke ya shiga wasannin Olimpik. Yau ga shi a kasuwanninmu, sabo da na hannu.

Wannan keke yana sauƙaƙa tafiya. Amma wanda bai san hannunsa ba, yana iya komowa gida da karaya.

ƘASARMU IRI UKU CE

Tibiri tana cikin Dallol Mauri. Dallol tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamani mai nisa. Shi ya sa ƙasan fadama rairayi ne, ruwa kuma ba shi da zurfi. A gefen fadama akwai tudu mai jan dutsi. Bisa tudun akwai fako, shimfiɗe, mai tsakuwa. Wanda ya taɓa zuwa Dogon Dutsi ya ga irin waɗannan duwatsu tsaye bisa gari.

Mai son zagaye zai bar gari ta cikin fadama, ya hau tudu, ya bi fako, ya sauko ta wata hanya, ya komo gida. Kilomita 15 zuwa 20 sun ishi mai koyo. Kada ya ce sai ya kai Kore Mairuwa ya komo a rana ta fari. Sannu ba ta hana zuwa.

CIKIN RAIRAYI

Rairayi yana riƙe taya. Ka rage iska kaɗan, don tayar ta buɗe ta zauna bisa ƙasa. Ka matsa baya bisa sirdi. Kada ka daina taka feda, kuma kada ka murɗa kan keke da ƙarfi. In rairayin ya yi zurfi, ka sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne.

HAWAN TUDU

A nan giya ke aiki. Ka duba tayar baya. Za ka ga faifai masu haƙora, manya da ƙanana. Idan sarƙa tana bisa babban faifan baya, taka feda na yin sauƙi, amma keke na tafiya sannu. Wannan shi ne na hawa. Idan tana bisa ƙaramin faifai, keke na gudu, amma yana son ƙarfi. Wannan na fako ne da na godoro.

Ga misali. Faifan gaba na da haƙora 28, na baya ma 28. Ka juya feda sau 1, taya ta juya sau 1. In na gaba na da 48, na baya 16, ka juya feda sau 1, taya ta juya sau 3.

Ka sauya giya tun kafin ka kama hawa. In ka bari sai tsakiyar tudu, kana danna feda da ƙarfi, sarƙa na iya tsinkewa.

GANGARA

Nan ne wurin hatsari. Tsakuwa tana zame taya. Ga abin da za ka kiyaye:

1. Ka gwada birki biyu tun a gida.
2. Ka kama birkin gaba da na baya tare, sannu sannu. In ka damƙe na gaba shi kaɗai, keke zai jefa ka ta kai.
3. Ka ɗaga daga sirdi, ka ja jikinka baya.
4. Ka duba nesa, kada ka zuba ido bisa tayar gaba.
5. Kada ka ɗauki goyo ko buhu wurin gangara.
6. Ka sa hular kwano in kana da ita. Ƙafa in ta karye ana ɗora ta. Kai ba shi da madadi.

GUZURI

Ƙayar aduwa da tsidau ba su ƙyale taya. Ka tafi da famfo, da faci, da sholisho, da sifana. A bisa fako ba mai gyara.

Ruwa shi ne na gaba da kome. Bisa tudu rijiya ba ta da yawa, ba kamar fadama ba. Ka ɗauki lita 2 ko 3. Ka riƙa sha kaɗan kaɗan, kada ka jira ƙishirwa. In ka ji jiri ko ciwon kai, ka tsaya a inuwa ka sha ruwa.

WANE LOKACI?

Lokacin ɗari ya fi daɗi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40. Sai a fita bayan sallar asuba, a komo kafin hantsi ya ɗaga. Da damina korama kan taho da ƙarfi daga bisa tudu, ko da ruwan bai sauka wurinka ba. Kada ka shiga ruwa mai gudu da keke.

Ka bi turba, kada ka ratsa gonar mutane. In ka gamu da garke a burtali, ka tsaya ya wuce. Ka tambayi labarin hanya wurin mai gari. Ku tafi ku biyu ko uku, ka faɗa ma mutanen gida inda ka nufa, kada dare ya same ka a daji.

Ƴan uwa, ku karanta ma samarinku wannan bayani. Ran da za su fita, ku duba birkinsu da gorar ruwansu da idonku. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.