Kiwon Takalmin Fata Tsakanin Hunturu Da Damina

Duk malamin da aiki ya kai shi Mazanya, ƙasar Jibiya, a bakin iyakar Nijar, ya san yadda rairayi da iskar hunturu ke cin takalmi. Fata kuwa tana da hali irin na jikin mutum: in ta rasa mai sai ta tsage.

Masu wasan golf na Kano da Kaduna, waɗanda ke yini suna taka ƙura da raɓa, suna da wata al'ada abin koyi. Da an tashi wasa sai a kakkaɓe takalmi da burushi, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a cusa tsohuwar jarida ciki, a shanya a inuwa. Rana da wuta su ne maƙiyan fata. Bayan ya bushe sai a shafa man takalmi ko man kaɗanya kaɗan. Da damina kuma a ajiye shi inda iska ke ratsawa, don gudun fumfuna.

To, jama'a, albashi ba ya zuwa sau biyu a wata. Wanda ya kula da takalminsa ya huta da zuwa wurin baduku.