Titin Beirut: Inda Ake Sayen Kwamfuta, Inda Ake Jinyarta

Kafin ka gama ajiye abin hawanka a Titin Beirut da ke Kano, samari biyu ko uku sun riga sun tare ka: "Yallaɓai, saye ko gyara?" 'Yan la'ada ne, aikinsu su kai ka shagon wani su samu ɗan ihsani. Bayansu kuwa shaguna ne a jere, wasu a ƙasa wasu a bene, kowanne da akwatin gilashi cike da kwamfutocin cinya an jingina su kafaɗa da kafaɗa. Ƙarar janareta ba ta yankewa, ƙaurin dalma na tashi daga lungunan masu gyara. Kasuwar Farm Centre ta fi shahara da waya, amma wanda kwamfuta ta kawo shi kasuwa, da wuya ya koma gida bai leƙa nan ba.

Mafi yawan kayan da ke cikin gilasan nan ba sababbi ba ne. 'Yan Beljiyam ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Manyan kamfanoni da ofisoshi a Amurka da Ingila sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu, dillalai su saye su a sari, a loda a kwantena zuwa tashar Apapa. Daga nan sai Computer Village ta Ikeja, sannan mota ta hauro da su Arewa. Wasu kuma ta Dubai da Sin suke biyowa. Kano ma ba nan ce ƙarshen tafiyarsu ba, don masu sari daga Katsina da Jigawa, har Maraɗi da Damagaram, suna zuwa su kwasa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwa dal a kwali ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci, alhali buƙatar ƙaruwa take yi: jarrabawar JAMB tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, ɗalibin jami'a kuma ba ya rubuta kundin kammala karatu da biro.

A ganina, masu gyara su ne ƙashin bayan kasuwar. Ka same shi a kan ɗan teburi, fitila mai madubin ƙara girma a gabansa, ga mita, ga ƙarfen narka dalma, ga tsohon buroshin haƙori da yake share ƙura da shi. Yaran shago biyu na tsaye suna miƙo sukundireba, ido na kan hannun maigida. Haka sana'ar ke wucewa daga wannan zuwa wancan. Wasu sun yi kwalejin kimiyya da fasaha, da yawa kuma a nan gefen teburin suka koya, kuma duk "injiniya" ake ce musu.

Cututtukan da ake kawo musu, yawancinsu na ƙasarmu ne. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, sai zafin bazara da ke haura digiri 40 ya zo ya tarar iska ba ta fita, kwamfuta ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta. Wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ta ƙaramin janareta mai hawa da sauka, su ke ƙona bod. Sai jabun caja, wadda mutum ya saya don arha ta kashe masa batir. Sai shayin da ya zube a kan kibod. Abin da ke ba ni takaici shi ne, rabin waɗannan da an kai kwamfutar an buɗe an share, an sauya man da ake shafa wa firosesa sau ɗaya a shekara, da ba su faru ba.

Masu gyaran ma iri biyu ne. Akwai na manhaja, mai saka Windows da korar bairos, akwai na bod, mai bin layin wuta da mita har ya gano ɗan ƙaramin abin da ya ƙone. Na biyun sun fi ƙaranci, kuma su ne ke ceto kwamfutar da wani ya ce ta mutu. Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne mai gaggawar cewa "Hajiya, sai dai a yi fomatin" tun bai tambayi me ke ciki ba. Kundin ɗalibi na shekara guda, lissafin shago, hotunan biki, duk sukan tafi a haka. Mai gyara na ƙwarai zai fara da tambayar ko an kwafe bayanai. Ana kuma jin koken musanya kayan ciki, a cire mai kyau a mayar da mai rauni. Ba halin yawancinsu ba ne, domin da dawowar kwastoma suke ci, amma babu laifi ka sa a buɗe a gabanka, a rubuta abin da ke ciki a rasit, ka kuma kwashe hotunan iyalinka kafin ka bar ta ta kwana.

To, wacce mai ƙaramin ƙarfi zai saya wa gida? Ya fara da tambayar aikin da za ta yi. In rubutu ne da intanet da karatun yara, Core i5 mai RAM 8GB da ma'ajiyar SSD 256GB ta wadatar. SSD ɗin nan kada a yi wasa da ita, don ita ke sa tsohuwar kwamfuta ta tashi cikin daƙiƙoƙi maimakon mintuna. Kada kuma sitikar i7 ta ruɗe ka. Zamanin firosesa ya fi sunansa muhimmanci, kuma lambar farko ko biyun farko bayan sunan ke nuna shi: i5-8250U ɗan zamani na 8 ne, kuma ya fi yawancin i7 na zamani na 3 sauri. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zamani na 8 take farawa, saboda haka abin da ya gaza nan arharsa ta ɗan lokaci ce.

Ni dai na fi karkata ga kwamfutocin ofis, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad. Ba su da ƙyalƙyali, amma an ƙera su don wahala, kuma batirinsu da sikirin da kibod duk akwai su a kasuwar nan. Siririyar nan mai sheƙi da aka like komai nata a jikin bod, ranar da ta lalace sai jiran kaya daga Legas. Ta tebur ta fi arha da ƙarko, sai dai ba ta da batir, don haka sai gidan da ke da sola.

Kada ka biya sai ka gwada. Ka danna kowane harafi, ka soka filashi a kowace kafa, ka duba kyamara da sifika, ka buɗe farin shafi ka ga ko sikirin na da tabo. Ka cire caja ka zauna rabin awa kana kallon yadda batir ke sauka. Ka tabbata babu makullin sirri a BIOS, ka nemi garanti a rubuce ko da na mako biyu ne. Fiye da duka, ka nemi mai gyaran da ka amince da shi tun kafin ka saya, ka biya shi ladan rakiya, ya duba maka ita kafin a ce an sallama.