Safarar Zomon Gida a Mota daga Ƙasar Haɗeja

Kiwon zomo yana daga cikin ƙananan sana'o'in da matasa da matan aure suke yi a garin Haɗeja da ƙauyukan da ke bakin fadamarta. Wasu don nama da kuɗi suke kiwonsa, wasu kuwa don sha'awa kawai, kamar yadda ake kiwon tantabara. Sau da yawa buƙata takan taso ta ɗaukar wannan dabba zuwa wani gari, ko don sayarwa, ko don sauyin wurin zama, ko don a kai wa wani kyauta. A irin wannan tafiya ne akan yi asarar zomaye masu lafiya, kuma mafi yawan lokuta zafi ne yake kashe su.

Kafin a fahimci dalilin haka, wajibi ne a bambance zomon gida da zomon daji, wato wanda ake ba da labarin wayonsa a tatsuniya. Zomon daji ɗan ƙasa ne, a fili yake kwana, ya kuma saba da ranar wannan yanki. Shi kuwa na gida asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, inda kakanninsa suke haƙa rami su shige idan rana ta take. Ba ya yin gumi yadda mutum yake yi. Ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafin jikinsa, domin jini yana bi ta cikinsu iska ta sanyaya shi. Yanayin da ya fi jin daɗi bai wuce digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 sai ya fara galabaita. To, a watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗeja yakan wuce digiri 40, kuma a cikin mota babu ramin da zai fake.

Saboda haka abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Daga Haɗeja zuwa Kano ta hanyar Gujungu tafiya ce ta kimanin kilomita 200. Wanda ya tashi bayan sallar asuba zai isa kafin rana ta yi ƙarfi. Wanda ya zauna a tasha yana jiran mota ta cika har hantsi ya ɗaga, ya riga ya jefa dabbarsa cikin haɗari tun ba a tashi ba, domin motar da take tsaye a rana takan ɗauki zafi fiye da na waje cikin 'yan mintoci.

Mazubin da ya dace shi ne keji ko kwando mai ƙwari, wanda iska take ratsa shi ta kowane ɓangare, mai faɗin da zomon zai iya juyawa ya kuma miƙe. Buhun leda da kwali rufaffe ba su dace ba ko kaɗan. Na farko yana toshe numfashi, na biyu kuwa fitsari yakan jiƙa shi, zomon ma yakan gaigaye shi ya fice. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko harawa a ƙasan kejin don kada ƙafafunsa su riƙa zamewa. Wannan shimfiɗa ba ado ba ce. Ƙafafun zomo na baya suna da ƙarfi ainun, alhali ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, don haka idan ya firgita ya yi harbi a kan wuri mai santsi yana iya karya gadon bayansa da kansa. Wannan ne kuma ya sa al'adar nan ta ɗaga zomo ta kunne ba ta da kyau. Ana tallafe ƙirjinsa ne da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma ya riƙe ƙugunsa.

A cikin mota, kada a yarda yaron mota ya cusa kejin a but tare da buhunan shinkafa ko kwalayen busasshen kifi. Can babu iska, ga zafi da hayaƙin salansa. Gara a biya kuɗin kujera, ko a ajiye shi a gindin ƙafa ta ɓangaren da rana ba ta bugu. Idan an sami gorar ruwa mai ƙanƙara, sai a naɗe ta da tsumma a sa a gefe guda, zomon zai jingina da ita idan ya so.

Game da abinci, akwai masu ganin gara a hana dabba ci kafin tafiya don kada ta yi amai. Wannan bai shafi zomo ba, domin shi ba ya iya amai sam, kuma hanjinsa yana buƙatar aiki ba yankewa. Idan ya daɗe bai ci ba cikinsa yakan tsaya, abin da kan kai shi ga mutuwa. A bar masa harawar wake ko ta gyaɗa wadda ya saba da ita, da ɗan ganyen dankali ko yankin karas saboda laimar da ke cikinsu, tun da ruwa yakan zube a hanya. Ɗanyar ciyawar fadama da aka tara a leda takan yi zafi ta fara ruɓa, tana kuma kumbura ciki.

Alamomin galabaita a bayyane suke: numfashi da sauri, kunnuwa su yi zafi su yi ja, hanci da baki su jiƙe, sannan ya kwanta ya miƙe ba kuzari. Idan har ya kai ga buɗe baki yana haki, lamarin ya yi tsanani. Sai a tsaya a inuwa, a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, a yi masa fifita. Ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, domin sauyin da ya zo farat ɗaya yana iya ƙarasa shi.

Damina ma tana da nata. Laimar da ke cikin iska a yankin fadama tana hana jiki hucewa, sannan ambaliyar kogin Haɗeja takan yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a sassa da dama na Jihar Jigawa a 2022, ta yadda gajeriyar tafiya takan koma ta yini guda. Mai tafiya a watan Agusta ko Satumba ya kamata ya tambayi direbobi halin da hanya take ciki, ya kuma ƙara guzurin harawa da ruwa.

Idan an sauka, a ajiye zomon a wuri mai inuwa da shiru, a ba shi ruwa, a lura ko ya ci ya kuma yi kashi; in ya yini bai yi ba, a nemi likitan dabbobi. Kada a haɗa shi da zomayen da aka tarar sai bayan aƙalla mako biyu. A 2020 an sami ɓullar wata annoba mai sa zomaye zubar jini a ciki a wasu jihohin Nijeriya, kuma irin wannan cuta tana bin baƙon zomo, da kejinsa, har da takalman wanda ya kawo shi.