Fim Ɗin Mai Kwalba

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi bayani a kan wani tsohon fim na ban dariya wanda na kalla a hutun da ya wuce, a soron gidanmu da ke Yakasai. Yayana ne ya samo shi a kwamfutarsa. Sunansa na Turanci The Gods Must Be Crazy, amma Babanmu ba ya son a faɗi sunan a gabansa, domin ma'anarsa ba ta da daɗin faɗi a bakin Musulmi. Shi “fim ɗin mai kwalba” yake ce masa, tun zamanin da suka gan shi a kaset na bidiyo suna samari.

An yi fim ɗin a 1980, wanda ya shirya shi kuwa wani Bature ne na Afirka ta Kudu, sunansa Jamie Uys. Ga labarin a taƙaice. Wani matuƙin ƙaramin jirgin sama ya sha Coca-Cola, ya jefo kwalbar a hamadar Kalahari, wurin mutanen San, mafarauta. Ba su taɓa ganin irinta ba, sai suka ɗauka kyauta ce daga sama. Wannan ya yi daka da ita, wancan ya busa ta, wata ta jeme fata. To, amma kwalba ɗaya ce, kowa kuwa yana so, sai faɗa ya shiga tsakanin mutanen da ba su san faɗa ba. Shi ne wani daga cikinsu, Xi, ya ɗauke ta ya ce zai kai ta ƙarshen duniya ya jefar.

Abin da ya sa fim ɗin ya ci kasuwa har garuruwan da ba a jin Turanci, shi ne dariyarsa ba ta bukatar tafinta. Kakarmu ko “zo in kashe ka” ba ta ji da Turanci, amma sai da ta yi hawaye. Akwai wani Bature mai nazarin kashin giwa, Andrew Steyn, wanda aka aika ya ɗauko wata malamar makaranta a cikin tsohuwar Land Rover marar birki. In ya zo ƙyauren gona dole ya sauka ya buɗe, kafin ya juyo mota ta gangara, ya bi ta a guje, ya dawo da ita, ƙyaure kuma ya rufe. Daga baya ya ɗaura igiyar ƙarfen da ke gaban motar a bishiya don ya fid da ita daga rafi, ya manta bai kashe injin ba, da ya waiwayo sai ga mota rataye a sama kamar tulun da aka saƙale.

Na sa Yaya ya maimaita mana wurin ƙyauren har sau uku, sa'an nan na gane dabarar. Tun da fari an nuna mana motar ba ta da birki, saboda haka mun riga shi sanin abin da zai faru, muna jira kawai. Jiran nan shi ne rabin dariyar. Sauran rabin kuwa, an ƙara wa hoton sauri, mutum yana gudu kamar kaza, irin na finafinan Charlie Chaplin na zamanin da hoto ba ya magana. Kuma ba wanda ya ji ciwo. Mu a nan Kano mun san wannan hanya a finafinan camama na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Shi ma tun bai buɗe baki ba, shigarsa da tafiyarsa sun gama da kai.

To, sai aibinsa. Ƙarami shi ne labarin ya rabu gida uku, na Xi, na Bature da malama, da na waɗansu 'yan tawaye, an ɗinke su da ƙyar, har tsakiyar fim ɗin takan gundiri mutum. Wannan mai sauƙi ne.

Babban aibin yana cikin muryar nan mai bayani a farkon fim, wadda ke magana a hankali kamar malamin labarin ƙasa. Tana gaya mana mutanen San ba su san kuɗi ba, ba su san mallaka ba, ba su san akwai waɗansu mutane a duniya ba, suna zaune cikin jin daɗi. Ba haka abin yake ba. A lokacin da aka yi fim ɗin an riga an ƙwace mafi yawan ƙasar farautarsu. Waɗanda ke Tsumkwe a Namibiya, yankin da N!xau mai fitowa a matsayin Xi ya zauna, tufafi suke sawa kamar kowa, da yawansu da garin masarar da gwamnati ke rabawa suke rayuwa, waɗansu kuma an ɗauke su soja. Namibiya tana hannun Afirka ta Kudu har 1990, ita kuwa Afirka ta Kudu tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata har 1994. Nelson Mandela yana kurkuku sa'ad da duniya ke dariyar kwalba. Fim ɗin bai ce uffan a kan wannan ba. Maimakon haka, da yawa daga cikin baƙaƙen fatan da suka waye a cikinsa, in ba 'yan tawaye wawaye ba, to sojoji ne masu harbi ba saiti. Har ma da sunan Botswana aka fitar da shi waje, don kada a ƙaurace masa. Ya tara miliyoyin daloli, N!xau kuwa abin da aka biya shi a fim na farko bai taka kara ya karya ba, sai a na biyu, na 1989, ya sami na kirki. Ya rasu a 2003.

Lalle zan yi wa fim ɗin adalci a wuri ɗaya. Xi ba wawa ba ne a ciki. Shi ne ya lallaɓa ya harbi 'yan tawaye da ƙananan kibau masu sa barci, aka kuɓutar da 'yan makarantar da suka kama. Amma dubi yadda aka shirya kamunsa a kan akuyar da ya harba, da tsayuwarsa gaban alƙali. An tsara mu tausaya masa irin tausayin da ake yi wa yaro, alhali magidanci ne mai iyali.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai, mu 'yan cikin birni muna da wannan hali. Mutum ya shigo Kasuwar Kurmi yana ɗaga kai, sai a ce ɗan ƙauye ne, a ninka masa kuɗi, a bi shi da dariya, ga shi kuwa dawar da muke tuwo da ita shi ya noma. Finafinan camama ma sun sha yin haka da baƙauye, da Bafulatani, da Bagware. Da muka koma makaranta na ba abokaina labarin fim ɗin, kafin mako ya zagayo an laƙaba wa wani sabon yaro a ajinmu, wanda ya zo daga ƙauye, suna “Mai Kwalba”. Daga bakina abin ya fito, ko da yake ba ni na raɗa ba. Ya daina ɗaga hannu a aji, lokacin tara kuwa shi kaɗai yake zama.

Ran nan na same shi na ba shi haƙuri, na tambaye shi ko ya san inda sunan ya fito. Ya ce ya sani sarai, ai a garinsu ma sun kalli fim ɗin a wayar kawunsa. Na ce, to, yaya suka ji? Ya ce sun yi dariya har cikinsu ya ƙulle, amma su Baturen nan suka yi wa, mai ilmin kashin giwa, wanda ya kasa tsai da motarsa a bakin ƙyaure.