Ranar Asabar A Ɗakin Kwamfuta

Ranar Asabar ba a karatu a makarantar, amma tun hantsi ƙofar ɗakin kwamfuta a buɗe take. Malamin da ke kula da ɗakin ya yaye tsohon zanen atamfar da ake rufe laftof-laftof ɗin da shi saboda ƙurar hunturu, ya jera su kan dogon benci. 'Yan ajin ƙarshe uku na tsaye a kansa, ɗaya riƙe da burushi, ɗaya da sukundireba.

Duk na hannu ne, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka bayan ofisoshin can sun ci moriyarsu. Tsofaffin ɗalibai ne suka yi karo-karo suka saya. Akwai Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420, fitowar 2011, sun girmi wasu 'yan ƙaramin aji. Ɗan autansu HP EliteBook 840 G3 ne.

Abin da ya tayar da aikin yau shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutar da ke kan Windows 10 za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai ta zama ɗakin da aka daina gyara masa kwaɗo. Shi kuwa Windows 11 yana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Dell da Lenovo ɗin zubi na biyu ne, HP na shida. Ko ɗaya bai kai ba.

"Malam, ai a kasuwa ɗora musu 11 ɗin ake yi da dabara," in ji mai burushin.

Gaskiyarsa. Da manhajar Rufus ana iya tsallake binciken. Amma malamin ya ƙi, kuma ina bayansa: Microsoft da kansa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika gyara ga kwamfutar da aka yi wa haka ba. Jaki in ka ɗora masa kayan raƙumi zai taka, amma ba zai kai kasuwa ba.

Kafin komai sai da ya kwashe sakamakon jarrabawa da tambayoyin malamai zuwa wani faifai na waje, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar sun shiga. Sannan ya kifar da Dell ɗin, ya kwance notina, ya zuba su a murfin kwalba kada su ɓace. Fankar ciki ta yi dam da ƙura, ta dunƙule kamar auduga. Yarinyar da ke cikin ɗaliban ta share ta a hankali, ta danne fiffiken da yatsa. Malamin ya zare tsohon faifan, ya soka faifan SSD a gurbinsa, ya sa filashi, ya danna F12, ya zaɓi Linux Mint, samfurin Xfce mara nauyi, a madadin Windows. Ana tsaka da lodi aka ɗauke wuta. Baturan sun daɗe da mutuwa, allon ya yi baƙi ƙirin. Ba wanda ya ce uffan. Aka koma kan sola, aka sake daga farko.

Kafin la'asar, kwamfutar da a da sai ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, ga ta tana tashi nan da nan, da Firefox da LibreOffice a shirye. Guda ɗaya ya bari kan Windows 10, ya raba ta da intanet, saboda da ita kaɗai firintar ofis ke aiki.

Me ya sa mutum zai ba da Asabar ɗinsa ga tsofaffin ƙarafa? Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da bai taɓa kama linzami ba, ko ya haddace littafi, hannunsa rawa zai yi ranar. A wannan bencin yake fara sabawa.

Mai karatu, in akwai tsohuwar laftof a ƙasan akwatinka, ka kwashe hotunanka, ka haɗa da cajarta, ka kai makarantar garinku.